Neman kalma: wane "girma" ake nufi a harsashin farautar talotalo?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Fassara nake yi a kan farautar talotalon daji a Amurka, sai na zo wurin da ake cewa maharbi ya zaɓi "shotgun shell size" da ya dace. Na rubuta "girman harsashi" na wuce. Da na ci gaba sai na ga abin bai zauna ba. Nan a ce 12 ko 20, can a ce inci 3 ko 3½, gaba kuma a ce lamba 4, 5, 6, har da 9, kuma duk da sunan girma ake kiransu. Idan na bar "girman harsashi" a ko'ina, mai karatu zai ɗauka abu guda ne ake ta sauya masa lamba. A taimaka mini da kalma, ko kalmomi in ta kama.

Malama mai koyar da Hausa: Wa alaikumus salam. Kafin a je ga girma, a fara sa wa abin suna. Muna da kwanso. Shi "shell" ɗin ai ma'anarsa ta asali ke nan, kamar kwanson gyaɗa ko na ƙwai. Me zai hana a ce kwanson bindiga?

Ɗan maharbi: Malama, a yi mini afuwa, amma kwanso ba zai yi ba. Duk wanda ya ji an ce "an tsinci kwanson harsashi a wurin" ya san an riga an harba, fanko ne ya rage. In kika ce wa mutum ya sayo kwanso goma, zai kawo miki abin da yara ke busawa. Na karanta wa Baba tambayar, shi da ya yi shekaru yana ɗura adaka da hannunsa. Ya ce a wurinsu abubuwa uku ne: albarushi, da tsumman da ake dannawa a kansa, da abin da ake zubawa a sama, ko dalma guda ɗaya ko 'yan ƙanana da yawa. Ya ce wannan na Turawa duk ukun ne aka haɗa a bututun roba aka naɗe bakinsa, aka hutar da mutum ɗuri.

Malama mai koyar da Hausa: Na karɓi gyara. A gaida Baba. To su 'yan ƙananan me yake ce musu?

Ɗan maharbi: Yana amsawa. Ya ce shi dai 'ya'ya yake cewa, wani lokaci ƙwaya.

Mai tambaya: Ƙwaya ta yi yawan ma'ana a zamanin nan, ina tsoron a karanta "ƙwaya lamba 5" a ɗauka wani zancen ake yi. Tsaba fa? Tsabar gero, tsabar dawa. Abu ne ƙanana, masu kama ɗaya, da ake aunawa da yawa ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya. Sai mu ce harsashin tsaba, a bambanta shi da harsashi mai kai ɗaya irin na sojoji. Ita kuma bindigar ta zama bindigar tsaba.

Mazaunin Amurka: Tsaba ta yi mini daidai, kuma bari in warware muku lambobin, domin na zauna gindin itace da asuba a jihar Mizuri ina jiran wannan tsuntsu fiye da sau ɗaya. Awo uku ne daban-daban, kowanne da abin da yake aunawa.

Na farko shi ne 12 da 20 ɗin nan, wato "gauge". Faɗin cikin bututun bindiga ne, amma ta bayan gida aka auna shi. A ɗauki dalma laba ɗaya, a raba ta dunƙule-dunƙule daidai wa daida, kowane dunƙule ya cika bututun cif. In dunƙule 12 aka samu, bindigar 12 ce. In 20 aka samu, ka ga kowane dunƙule ya fi ƙanƙanta, don haka bututun ya fi tsukewa. Shi ya sa 12 ta fi 20 faɗi: ta 12 wajen milimita 18.5 ce, ta 20 kuma wajen 15.6, ta 10 kusan 19.7. Akwai wata 'yar siririya da ake kira .410, ita ba ta bi wannan lissafi ba, faɗinta ne kai tsaye da inci, wato milimita 10.4.

Na biyu tsawo ne: inci 2¾, inci 3, inci 3½. Na ukun shi ne girman ita tsabar.

Malama mai koyar da Hausa: To na farkon a ce faɗin baki. Bindiga mai faɗin baki 12.

Mazaunin Amurka: Malama, matsala biyu. In an ce faɗin baki 12 da faɗin baki 20, kowa zai ce ta 20 ce babba, alhali akasin haka ne. Sannan bakin bindigar tsaba ba faɗinsa ɗaya da cikinta ba, da gangan ake matse shi, kuma wannan matsin ma yana buƙatar nasa sunan. Ni da za a bi tawa, a bar shi geji. Kalmar ta daɗe da zama tamu. Direba na duba gejin mai, mai faci na sa geji a taya, mai sayen kwanon rufi ma yana tambayar geji. Kuma a kwano da waya haka lissafin yake, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Wanda ya taɓa sayen kwano ba zai yi mamakin jin geji 12 ta fi geji 20 ba.

Wani daga Maraɗi: Mu a nan da Faransanci abin ya zo mana, kartush ake cewa, bindigar kuma "calibre douze". Amma geji ba zai ba kowa wahala ba. Abin da zan ƙara shi ne a riƙa sa milimita kusa da inci, don a jikin bindigogin Turai abin da ake bugawa ke nan: 12/70, 12/76, 12/89. Wato 70 shi ne inci 2¾, 76 inci 3, 89 inci 3½. Mutuminmu bai san inci ba sai a wurin kafinta.

Mazaunin Amurka: Gaskiya ne ɗan'uwa. Kuma a nan ne kwanson Malama zai dawo da ƙarfinsa. Wannan tsawo da ake rubutawa ba na harsashin da ke cikin kwali ba ne. Ɗauki sabon harsashi mai inci 3 ka ɗora a ma'auni, za ka ga bai kai ba, domin bakinsa a naɗe yake. Sai an harba, naɗin ya buɗe, sannan ya cika inci 3. Ashe abin da ake aunawa fankon ne. Don haka "tsawon kwanso" ya fi Turancin ma faɗin gaskiya.

Wannan ba ƙaƙale ba ne, rai ne a ciki. Harsashi mai inci 3 yana iya shiga ɗakin bindiga (wurin da harsashi ke zama) da aka yi don 2¾, ya zauna lafiya lau kamar nasa ne, tunda a naɗe yake. Da an ja kunama, naɗin ba shi da wurin buɗewa sosai, sai ƙarfin ya taru fiye da abin da aka yi ƙarfen dominsa. Gajere a dogon ɗaki babu laifi. Dogo a gajeren ɗaki kuwa ba a yi. Mai fassara, ka tabbata wannan ya fito ƙarara.

Malama mai koyar da Hausa: Alhamdu lillahi, kwansona bai faɗi ƙasa banza ba.

Mai tambaya: Na rubuta: geji, tsawon kwanso. Saura tsaba. Ita ma lambarta a juye take?

Mazaunin Amurka: A juye. Lamba 4 ta fi 6 girma. A lissafin Amurka akwai 'yar dabara: cire lambar daga 17, abin da ya rage shi ne faɗin tsaba ɗaya a kashi ɗari na inci. Lamba 4 ta ba da kashi 13 cikin ɗari na inci, wato milimita 3.3. Lamba 5 milimita 3 da ɗan ɗoriya, lamba 6 wajen 2.8, lamba 9 kuma milimita 2 kacal. A oza ɗaya ta dalma, wato wajen giram 28, lamba 4 ana samun tsaba wajen 135, lamba 5 wajen 170, lamba 6 wajen 225. A kula, lambar Ingila ba ta yi daidai da wannan ba, 6 ɗinsu ta ɗan fi ta Amurka ƙanƙanta.

Ga inda gardamar maharban talotalo take. Wannan ba talotalon da kuka sani yana kumbura a tsakar gida ba ne. Namijin daji na iya kai kilo 9 ko 10, yana gudu, yana tashi, ga ido kamar me. Gashin jikinsa da fukafukansa sun yi kauri, tsaba kan mutu a ciki, in ka harbi jiki sau da yawa sai ya tafi da rauni ya mutu inda ba ka gani. Don haka kai da wuya ake nufa. Ka ga abin harin bai fi damtsen yaro ba, kuma a cikinsa ma ƙwaƙwalwa da ƙashin wuya ake so a samu. Babbar tsaba tana da ƙarfin huda daga nesa amma ba ta da yawa, sai ta bar giɓin da kan tsuntsu zai shige. Ƙarama tana da yawa amma ƙarfinta na saurin ƙarewa. Shekara da shekaru a kan 4 da 5 da 6 ake ta jayayya, da yawa suka tsaya a 5 don ta raba gardama. A Mizuri doka ma ta hana tsabar da ta fi lamba 4 girma a wannan farauta.

Shi kwanso mai inci 3½ na geji 12 a 1988 ya fito, kamfanonin Federal da Mossberg suka kawo shi. Yana ɗaukar tsaba oza 2 ko fiye. Na harba shi sau uku a jere wata rana ina gwaji, washegari da ƙyar na ɗaga hannu na sa riga. Shurinsa sai jaki. Kuma wanda ke tsoron shurin bindigarsa yakan runtse ido kafin ya ja kunama, ƙarin tsabar ba ta amfane shi da komai ba.

Ɗan maharbi: Baba ya yi dariya, ya ce duk wanda ya cika wa adaka albarushi ya san wannan karatu. Amma yana tambaya, Yaya: ita lamba 9 da bai fi a harbi kurciya da ita ba, me ya kai ta wurin tsuntsu mai kilo 10?

Mazaunin Amurka: A ce wa Baba tambayarsa ita ce ta zamani. Ba dalma ba ce. Wani ƙarfe ne mai suna tungistin, a kwali ana rubuta TSS. In dalma ta yi giram 11 a wani ɗan awo, shi yana yin giram 18 a awon nan. Saboda nauyinsa, 'yar tsaba lamba 9 tana huda kusan kamar dalma lamba 5, ga ta kuma wajen 360 a oza ɗaya. Duba wannan: geji 12 da dalma lamba 5 oza 1¾, wajen giram 50, tsaba kusan 300 ce. 'Yar .410 da tungistin lamba 9, giram 23 kawai, ita ma kusan 300. Tun da manyan kamfanoni suka fara sayar da shi a wajen 2018, dattawa da mata da yara da yawa suka ajiye manyan bindigogi suka koma geji 20 da .410. Aibinsa tsada, harsashi ɗaya ya kan ninka na dalma sau da yawa. A jihar Kalifoniya kuma tun Yulin 2019 an hana farauta da dalma gaba ɗaya, can dole a nemi wani ƙarfen.

Saboda haka, Mai fassara, kada ka rubuta lambar tsaba ita kaɗai. Ka ce dalma lamba 5, ko tungistin lamba 9. Dalma lamba 9 a kan talotalo zalunci ne.

Malama mai koyar da Hausa: Ni kam "tungistin" ta tsaya mini a wuya, amma ba ni da wadda ta fi ta. A bar ta. Sai matsin bakin da ka ambata.

Mazaunin Amurka: "Choke" suke ce masa. Wani ɗan bututu ne da ake murɗawa a bakin bindiga ya tsuke shi, don tsabar ta tafi a dunƙule. Na talotalo ya fi na sauran tsuntsaye matsewa. Yadda tsabar ke sauka kuma suna kiransa "pattern". Ana kafa babbar takarda a yadi 40, wajen mita 36, a harba, a zana da'ira mai faɗin inci 10 inda hudar ta fi yawa, a zauna a ƙirga. Abin da aka saba nema shi ne huda 100 a ciki. In ba ta kai ba, ko ka sauya harsashi ko ka bari tsuntsun ya ƙara matsowa.

Wani daga Maraɗi: Na farkon a ce maƙogwaro.

Malama mai koyar da Hausa: Maƙogwaro a ciki yake, wannan kuwa a baki. Matse-baki ya fi, ga shi yana faɗin aikinsa, irin su gyara-kayanka da tuma-ƙasa. Na biyun kuma ina da shi: yafi. Yadda manomi ke yafa iri, wani wuri ya yi kauri wani ya yi sako-sako. "Yafin wannan harsashi ya yi kauri a yadi 40." Ku ji yadda ya zauna.

Ɗan maharbi: Baba ya ce yafi ya yi, amma shi watsi zai ci gaba da cewa, wai ya tsufa da sabon suna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ga yadda jimlar ta koma: "Yawancin maharban talotalo suna amfani da bindigar tsaba geji 12, da harsashi mai tsawon kwanso inci 3, wato milimita 76, da tsabar dalma lamba 5, sannan su gwada yafinsa a takarda kafin su shiga daji." Na cire "girman harsashi" gaba ɗaya, a kan maganar kuma na sa "zaɓen harsashin tsaba". Abu ɗaya ya rage mini: robar nan da ke tsakanin albarushi da tsaba, wadda ta maye gurbin tsumman Baba. Na sa "toshi" na wucin gadi. Ɗan'uwa, ka tambayar mini shi ko tsumman yana da wani suna a bakin maharba.

Ɗan maharbi: Ya tafi masallaci. In ya dawo zan tambaye shi.