Neman shawara: katun ɗin da na yi kan saurin yanke hukunci, a kaina ya fara aiki

Mai Zane: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, yau kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ina ajin ƙarshe a sashen zane, aikina na kammala karatu katun ne na minti uku. Labarin wata yarinya ce mai awara da aka ɗauka a waya tana fizge kwano daga hannun wani tsoho tana zubarwa. Bidiyon ya yaɗu, kowa na tsine mata. Duk sharhin da aka rubuta sai ya rikiɗe ya zama fara, har farin suka rufe rumfarta. Sai a ƙarshe ake ganin ashe kyankyaso ne ya faɗa cikin kwanon.

Da manhajar zane ta Krita na zana, zane 12 a kowace daƙiƙa, ku lissafa minti uku, zane 2,160 ke nan. Wata bakwai ina kai, batirin kwamfutata ya mutu, in aka ɗauke wuta sai na kwashi kaya zuwa shagon caji. Kuɗin allon zanen ma yayata ce ta ranta min.

To an fitar da daƙiƙa 14 daga ciki an sa a TikTok, daidai wurin da wani mai gemu da hula yake rubuta tsinuwa. Yanzu ana cewa malamai nake wa izgili, har an nemo hotona. Malamin da ke duba aikin ya ce in cire wurin ko in canza labari, saura mako uku in kare aikin a gaban malamai. Me zan yi?

Maman Iman: Wa'alaikumussalam. Allah sarki ƙanina. Ni ma an min, wata ta sa hoton kek ɗin da na yi mata bayan ta bar shi awa biyu a mota cikin rana, ta ce ban iya ba. Wata guda ba wanda ya yi oda. Har yau ba ta ba ni haƙuri ba, kuma muna haɗuwa a biki.

Kawu Na Kowa: Yaro, saurara. Aske gemun mai hular katun ɗin yau ɗin nan, ka mai da shi matashi mai riga da wando, ka rubuta ban haƙuri layi uku, ka rufe shafinka. Ba a jayayya da taro. A 2013 wata mata ta yi rubutu ɗaya a Twitter ta hau jirgi daga Landan zuwa Cape Town, tafiyar awa 11, kafin ta sauka duniya ta gama da ita, aikinta ma ya tafi. A nan gida, a 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai MOPPAN ta kori Rahama Sadau kan bidiyon waƙa guda. Ita tana da suna da masoya. Kai wa kake da shi?

Mai Zane: Kawu na gode, amma mutum tara ne masu sharhi a fim ɗin. Akwai ɗan boko mai tabarau, akwai hajiya, akwai ɗan acaɓa. Shi kaɗai aka yanko. Kuma yana fitowa a zane kusan 170, ba abin da za a goge da dare ɗaya ba ne.

Tsohuwar Ɗaliba: Kada ka ba da haƙuri kan laifin da ba ka yi ba, za su ɗauka ka amsa ne. Saki fim ɗin gaba ɗaya, ka buɗe da aya ta 6 ta Suratul Hujurat, wadda ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. Duk mai hankali zai gane abin da ya faru da mai awara ne ya faru da kai.

Kawu Na Kowa: 'Yata, wa zai zauna ya kalli minti uku? Wanda ya zagi daƙiƙa 14, daƙiƙa 14 ya gani kuma ya wuce. Sa aya a kan katun kuwa ƙara wa wuta fetur ne, sai a ce ya haɗa Alƙur'ani da wasan yara. Kuma in a Kano yake, akwai Hukumar Tace Finafinai tun 2001, ba a sakin abu haka kawai. Na ga irin wannan ya fi a ƙirga.

Ɗan Lungu: Ni dai gaskiya, me ya sa sai mai gemu? Kullum ku 'yan jami'a haka kuke. Ban kalla ba amma na san inda aka dosa.

Tsohuwar Ɗaliba: "Ban kalla ba amma na san." Mai Zane, ga fara ta goma ka samu kyauta.

Mai Zane: Wallahi kamannin baffana na ɗauka, shi ne yake zama min in zana. Ya ga fim ɗin, dariya ya yi. Sakin duka kuma ba zai yiwu ba, ban gama sa murya ba, kuma an hana mu fitar da aiki kafin a kare shi.

Maman Iman: To wai wa ya fitar? Mutum nawa ka tura wa?

Mai Zane: Wannan maganar daban ce Anti. Ba na son shiga ciki.

Kawu Na Kowa: Ka gani ko. Maki yana hannun malaminka, ba hannun 'yan TikTok ba, ba kuma hannun masu zuga ka a nan ba. Cire hular kawai ma ya isa. In ka karɓi takardarka sai ka mayar masa da rawani in ka ga dama.

Mai Zane: In na cire, ai farin sun ci rumfar ke nan. Zan dai sake samun malamin ranar Litinin.

Abba Ƙarami: Yaya don Allah, Krita ɗin nan tana aiki a kwamfuta mai RAM 4?