Yatsana yana maƙalewa: allura ko aiki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ce, shekarata 48, ina da ciwon suga. Yatsana na zobe a hannun dama yana maƙalewa, musamman da asuba. In na dunƙule hannu sai ya ƙi miƙewa, sai na ɓalle shi da ɗaya hannun ya yi ƙas. Akwai ɗan ƙullutu mai zafi a tafi, daidai gindin yatsan. Likita ya lalluba wurin kawai, ko hoto bai ce a ɗauka ba. Ya ce jijiya ce ta kumbura take sarƙewa a wani zoben nama da take ratsawa a cikin tafin. Wai in zaɓa, allura ko ƙaramin aiki. Ga ɗinkin Sallah ya taru. Wa ya taɓa yi?

Baban Khalifa: Sanyi ne Hajiya. Man zafi da ruwan ɗumi, ki daina wanki da safe.

Ɗan Kwari: Ƙirga kuɗin Sallah ne ya jawo, a rage mana kuɗin ɗinki a ga ikon Allah 😂

Gwaggo Mai Ƙosai: 'Yar nan, ko me za ki yi kada ki je wurin maɗori. Nawa babban yatsa ne. Mutumin nan ya ce gocewa ce, ya fizge shi har na ga taurari, ya ɗaure da karare. Da aka kwance, yatsa ya sandare, ko ludayi ba na iya riƙewa. Kasko ya kwana biyu a kife, yara na kallona. Ya ci kuɗina da zakara, har yau in na gan shi sai in sauya hanya. Ƙarshenta aiki aka yi min, idona biyu, hannun kawai aka kashe. Bayan mako biyu aka cire zare.

Baban Khalifa: Gwaggo, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Maɗori ne ya gyara min ƙafa.

Sista Nas: Karaya daban, wannan daban, ƙashinta lafiya lau. Maman Ilham, allurar tana tayar da suga na 'yan kwanaki, sai kin riƙa aunawa. Kuma a masu suga ba ta cika daɗewa tana aiki ba, yakan dawo. Ki tambayi likitan batun takalmin yatsa na dare, wato abin da ke riƙe yatsan a miƙe, ana sa shi kamar mako shida.

Abu Sudais: Dubu 15 aka yi wa matata allurar.

Gwaggo Mai Ƙosai: Ina? 40 aka ce min, ban da kati.

Baban Khalifa: Sista, nas ce ke ko likita? Tambaya ce kawai.

Sista Nas: Kai fa, me ka karanta da har ka gano sanyi ta waya?

Maman Ilham: Don Allah, bayan aikin yaushe zan iya riƙe almakashi?

Abu Sudais: Ki je asibitin ƙashi na Dala in kina Kano. Mu wani asibitin kuɗi muka fara zuwa, aka ce katinmu ya ƙare, sai mun sabunta kafin mu ga likita.

Ɗan Kwari: Kati yana ƙarewa kamar data? Mu an ɓatar mana da fayil, kuma mu aka sa muka biya sabo.

Gwaggo Mai Ƙosai: Ku dai bari. Ni har kuɗin safar hannu aka karɓa.