Shawarwarin da aka ba matasan mawaƙan Damagaram kan sayar da waƙa ta salula

A zaman da mawaƙa da masu tura waƙa a memori suka yi a wata fada (majalisar hira) ta unguwar Zango, an fi daɗewa kan waƙar da mai kira yake ji kafin a ɗauki waya. Airtel, Moov Africa da Zamani, wanda ya gaji Orange a 2019, su ke riƙe da yawancin layukan jama'a, amma galibi mawaƙi ba da su yake ƙulla yarjejeniya ba, sai ta hannun ɗan tsakiya. Shawarar dattijan fadar ita ce kada ka sa hannu sai an karanta maka takardar, ka san kasonka da tsawon wa'adinta. Ka kuma fara yi wa waƙar rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar. A ganina wannan ce ta fi kowace muhimmanci.

Kan YouTube da Audiomack ba a ja zance ba: ka saka, amma kada ka jira kuɗi da wuri, domin mega na da tsada.

Wani mai shago a kasuwar Dolle ya ce: "Malam, ka ambaci sunanka da lambarka a cikin waƙar. Ko ta yi yawo a WhatsApp, mai biki zai nemo ka."