Tsara takardar tambayoyi ga 'yan kallo: shawarwarin da aka tattara

Masu binciken kasuwar wasan kwaikwayo da gidajen tarihi bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a rubuta tambayar da amsarta ba za ta sauya wani mataki ba. In ba a shirya taɓa kuɗin shiga ba, a bar zancensa.

Inda aka fi daɗewa ana ba da shawara shi ne yadda ake tsara kalmomin tambaya. "Kana son zane-zane?" kusan kowa e zai ce, ko don kunya. Gara a ce, "Sau nawa ka je baje kolin zane cikin wata 12 da suka wuce?" Ita kuwa "Wasan da wurin zama sun gamsar da kai?" tambaya biyu ce a haɗe. Wanda wasan ya burge amma kujera ta ƙosa shi bai san me zai zaɓa ba, don haka a raba su. Wajen auna gamsuwa, ma'aunin 1 zuwa 5 ya wadatar, muddin an rubuta ma'anar kowace lamba. Rukunan shekaru kada su hau kan juna: 18 zuwa 24, sai 25 zuwa 34. Su da batun abin da mutum ke samu a bari sai ƙarshe.

Gwaji kam ba a tsallake shi. A nemo mutum 5 zuwa 10 daga 'yan kallo, ban da ma'aikata, domin su sun riga sun san manufar. Kowa ya cike yana faɗin abin da ya fahimta a bayyane. Duk inda ya yi turus ko ya sake karantawa, a gyara wurin. A duba agogo kuma, wanda ke hanyar fita da wuya ya tsaya fiye da minti 5.

Wajen rabawa a miƙa wa kowane mutum na biyar a bakin ƙofa, in ba haka ba masu fara'a kaɗai za a riƙa tara.