Neman shawara kan katin baftisma da ya lalace

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina neman shawarar fastoci da dattawan ikkilisiya kan wata matsala da ta tsaya mini a rai kusan shekara biyu ke nan.

An yi mini baftisma a rafin ƙauyenmu da ke kusa da Kafanchan ina da shekara 16, aka ba ni kati mai ɗauke da sa hannun fasto. Da aiki ya kawo ni Kano, na soma sujada a wata majami'a a Sabon Gari, inda aka karɓe ni hannu bibbiyu, har na shiga zumuntar mata. Sai dai magatakarda ya ce ba zai rubuta sunana a littafin membobi ba sai na kawo katin da takardar sallama daga gida. Ruwan sama ya lalata katin, faston ya rasu, wanda ya gaje shi kuma ya tarar gara ta cinye shafin rajistar shekarar.

Duk ranar Jibin Ubangiji nakan zauna a bencin baya ina kallon ana miƙa gurasa da ƙoƙo, in ji kamar baƙuwa ce ni a gidan ubana. Wasu sun ce a sake yi mini baftisma, amma zuciyata ba ta kwanta ba, tunda Afisawa 4:5 ta ce baftisma ɗaya ce.

Shin rubutacciyar shaidar dattawa biyu da suka tsaya a bakin rafin ranar za ta wadatar? Kuma wa ya kamata in fara tunkara, fasto ko majalisar dattawa?