Muhawara: Jarumin labarin bincike, gwani ko mutum irinmu?

Malam Mai Littattafai: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: jarumin da ba ya gajiya, ba ya kuskure, ba ya shiga raina. Ku dubi Kurt Wallander, ɗan sandan da marubuci Henning Mankell ya fito da shi a 1991. A Ystad yake aiki, wani ɗan gari a kudancin Suwidin. Matarsa ta rabu da shi, tsakaninsa da 'yarsa Linda sai a hankali, daga baya ciwon suga ya kama shi. A haka yake bin sawun masu kisan kai.

'Yar Zariya: Malam, da girmanka, ban yarda ba. Wahala ai muna da ita a gida. In na buɗe littafi, kaifin basira nake son gani. Tun 1887 ake karanta labaran Sherlock Holmes, gwanin binciken nan na Ingila. Kallo ɗaya ya yi wa Watson, likitan da ya zama abokinsa, ya gane daga Afganistan ya dawo. Ciwon suga ne zai kama mai laifi?

Ɗan Maraɗi: Yaya, ni da Faransanci na karanta Maigret, ɗan sandan Faransa da marubuci Simenon ya rubuta littattafai 75 a kansa. Ba ya wani abin mamaki. Zama yake a unguwar da aka yi kisan, ya cika lofensa, ya yi ta sauraron mutane har ya fahimci abin da ya ingiza mai laifin.

Anti Mai Ɗinki: Ku ba ni dama. Mahaifinmu ɗan sanda ne, Allah ya jiƙansa. Ranar da ya je ɗauko gawa, in ya dawo sai ya cire takalmansa a zaure, ya zauna kan tabarma shiru, tuwon ya huce a gabansa. Da na kai inda Wallander ya harbe mutum, abin ya hana shi sakat har ya yi fiye da shekara ba ya zuwa aiki, wallahi ajiye littafin na yi. Baba kawai nake gani.

'Yar Zariya: Allah ya jiƙan Baba, Anti. Wannan kam ya taɓa ni. Amma marubutan yanzu sun mai da abin yayi: kowane ɗan sanda mashayi, aurensa a mace. Shi ma ai ƙirƙira ce.

Malam Mai Littattafai: Nan kin yi gaskiya, ƙanwata. In an liƙa wa jarumi matsala don ado, mai karatu yana ganewa. Ta Wallander kuwa tana shiga aikinsa, gajiya kan sa ya tsallake shaidar da ke gabansa.

'Yar Zariya: To a ara mini littafin Wallander na farko. Amma ban sauka daga kan Holmes ba.