Ki janye kalmar nan tukuna

'Yar Goggo: Salam 'yan gida. Yau ma an yanke min dubu huɗu a albashi wai kuɗin POS bai cika ba, karo na uku kenan a wata biyu, albashin ma duka dubu 25 ne. Wlh ba sata nake ba, mutum zai ce a cire masa 8,500 ina cikin ƙirgawa wani ya yi min magana shikenan na manta inda na tsaya. Sau uku ina faɗuwa lissafi a WAEC. Jiya Goggona da ta raine ni take gaya min da aka haife ni 'yar mitsitsiya ce, kwana da kwanaki ina tsala ihu jikina na rawa na ƙi kama nono, saboda mamana 'yar ƙwaya ce, da cikina ma ba ta bar maganin tari da ƙwayar bacci ba. Shekarata 23 ko data sai na ci bashi. Ni dai na ce talaucin nan tun daga ciki na taho da shi. Akwai mai irin matsalata?

Malamin Islamiyya: Subhanallah. Ɗiyata, matar da ta sha wahalar cikinki ita kike ce wa 'yar ƙwaya a bainar jama'a? Ki janye kalmar nan tukuna.

Maman Biyu: To Malam me za ta ce mata? Wanda ke shan ƙwaya ɗan ƙwaya ne, ko don mace ce?

Malamin Islamiyya: Don uwa ce Hajiya. Sai ta ce Allah ya jarrabi mahaifiyata.

Ɗan Kurmi: Ni a sanina ma mai shan sirop ba ɗan ƙwaya ba ne, ƙwaya ita ce ta haɗiya irin su tiramadol

Anti Nas: Ku bar ni in ce wani abu. Ƙanwata, abin da Goggo ta gaya miki mun san shi a ɗakin haihuwa. Kodin da ke cikin maganin tari da tiramadol suna ratsa mabiyiya su kai ga ɗan tayi, in aka yanke cibiya abin ya yanke masa, cikin kwana biyu zuwa uku sai ki ga kuka mai tsini, karkarwa, gudawa, ba bacci ba shan nono. Wanda kuma aka fi tabbatar da yana taɓa ƙwaƙwalwa har girma, mantuwa da wahalar lissafi da riƙon kuɗi, shi ne giya. Amma kar ki yanke wa kanki hukunci, yunwa da rashin kulawa da makaranta rabi da rabi su ma suna yin haka, ki je asibiti a duba ki. Kuma mai ciki da ta saba sha kar ta daina lokaci ɗaya ba tare da likita ba, cikin na iya zubewa.

Ɗan Kurmi: Anti kin ga dai ke ma kin raba kodin da tiramadol, maganata kenan

Ɗan Kawo: Ai wannan matsalar Kano ce. Majalisar Dattawa da bakinta a 2017 ta ce kwalbar sirop mai kodin miliyan 3 ake sha kullum a Kano da Jigawa, sai da BBC ta tona asiri a 2018 gwamnati ta hana sirop mai kodin.

Ɗan Kurmi: Wa ya ƙirga kwalaben? Kai ka ƙirga? Kullum Kano Kano, kamar ku a Kaduna zuma kuke sha. Kayan ma a Kano ake yin su? Kawo mana ake yi.

Maman Biyu: Ku bar batun gari. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 cewa ya yi 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi kuma ɗaya cikin huɗu ce mace, to ukun su waye? Ina uban yarinyar nan yake lokacin? A aurar da yarinya ƙarama a kulle ta a ɗaki ba cefane ba kulawa, a ƙaro mata kishiya, ƙawa ta miƙo mata kwalba ta ce sha ki samu bacci, sannan a ce ita kaɗai ce mai laifi.

Ɗan Kawo: An fara. Komai maza. Hajiya mu muka ɗura musu?

Maman Biyu: Wasu ma mazan ne ke sayowa ai, na gani da idona a layinmu

Malamin Islamiyya: Har yanzu dai ba ta janye ba.

Admin: Jama'a ya isa haka. Abin da na fahimta yawancinmu mun yarda kalmar ba ta dace da uwa ba kamar yadda Malam ya faɗa, kuma arziƙi na Allah ne ba ruwansa da abin da aka sha da ciki, Anti Nas ma ta ce ba tabbas. Maganar Kano kuwa ƙazafi ne an daɗe ana mana. 'Yar Goggo ki nemi gafarar mahaifiyarki. Na rufe.

Anti Nas: Ranka ya daɗe ban ce ba tabbas ba, cewa na yi ta je a duba ta.

'Yar Goggo: Mamana ta rasu ina shekara shida. Anti dan Allah wane ɓangare zan nema in na je asibitin, kuma kati nawa ne?